Ƙarfen da Ya Ɗauki Akwatin Malam

Sha'aibu direba ne, kuma duk Badafi ba wanda bai san cewa ba haka mahaifinsa ya so ba. Malam Lado ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau biyar, ya yi shekara arba'in yana karantarwa a zauren gidansa, amma ɗansa na fari tun yana yaro ya fi gane kukan inji a kan muryar darasu. Da ya jiyo ƙugin mota daga bakin hanya sai allo ya zame masa daga cinya. Malam ya yi faɗan, ya yi dukan, ya yi addu'ar, daga baya ya sa masa ido. Husna, ƙanwar Sha'aibu, ita ce ta riƙe karatun, ta sauke, ta haddace, sannan aure ya kai ta Rafin Ɗinya, wani ƙauye can bayan Riruwai, inda take koyar da matan aure bayan la'asar.

Motar Sha'aibu tsohuwar jif ce, irin mai shiga inda bas ba ta shiga. Da ita yake jigilar masara da rake da mutanen ƙauyukan da kwalta ba ta san da zamansu ba. Shekara tara yana tuƙa ta, Malam bai taɓa shiga ba, bai kuma taɓa ambatonta ba tare da tsaki ba. Sai ana saura kwana uku ya cika, ya sa aka kira masa Sha'aibu, ya nuna masa akwatin ƙarfen da ke kan dakali a ƙuryar ɗaki.

"Wannan na Husna ne," in ji Malam. "Ita za ta karanta. Kai kuma kai za ka kai mata, da motarka."

Da motarka. Sha'aibu ya fita bayan gida ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, shi da ke da 'ya'ya huɗu.

A cikin akwatin akwai littattafan Malam na fiƙihu da na luga, da takardun da ya gada wajen nasa mahaifin, da Alƙur'ani na biyar, wanda shi kaɗai ne bai bayar ba. Warƙa-warƙa yake, ba ɗinki, a cikin gafaka ta jar fata. Malam yana da doka a kan akwatin nan tun suna yara: ba mai taɓa ko takarda ɗaya sai ya je ya wanke hannu, ko da daga alwala ya taso. Ƙarti biyu ne ke iya ɗaga shi, su ma sai sun yi nishi.

Aka yi arba'in, ruwan farko ya sauka, ɗakin Malam ya fara yoyo, gara kuma ta fara zana hanya a jikin bango. Sha'aibu ya ce tafiya ta yi. Lissafinsa mai sauƙi ne: a kwantar da kujerar baya, a sa akwatin a ƙasa, a jera buhunan tsaraba a kai. Mahaifiyarsa, Inna Luba, ta dube shi kamar ya zo mata da zancen cin naman kare. Ba ta faɗar sunansa, ɗan fari ne, Mai mota take ce masa.

"Mai mota, kanka ɗaya kuwa? Rubutun Malam ne za a danne da buhun dawa? Ko kuwa mu ne za mu zauna mu juya masa baya, ƙafafunmu dab da shi, tun daga nan har Riruwai? Shekara arba'in ko ƙasa bai taɓa ba. A sama za a ɗora shi, ba komai a kansa."

"Inna, saman motar ba kariya, ƙarfen nan da ake ɗora kaya a kai. Igiya nake zagawa ta taga."

"To a nemo kariyar mana. Ina Surajona?"

Surajo kuwa ba baƙo ba ne. Ɗan maƙwabta ne da uwarsa ta rasu yana rarrafe, Inna Luba ta ɗauko shi ta goya tare da Sha'aibu. Kwano ɗaya suka ci, tabarma ɗaya suka jiƙa, bulala ɗaya ta zane su. A karatu ma ya fi Sha'aibu nisa, don shi ya kai izu talatin kafin ya tafi koyon walda. Yanzu yana da rumfarsa a Kwanar Dangora, da janareta, da suna. Har yau in Sallah ta zo, Inna sai ta aika masa da kwanonsa na tuwo a bayan babur, wai matarsa ba ta iya miyar kuka ba.

Ranar Talata da hantsi Sha'aibu ya faka jif a bakin rumfar. Surajo ya ture tabarau sama, ya taso da fara'a.

"Ɗan Malam! Yau da wace ƙafa? Ya Inna? Ya ƙarin haƙuri?"

Suka gaisa, suka sake gaisawa, aka aika aka karɓo fura. Sannan Sha'aibu ya faɗi abin da ya kawo shi, da wasiyyar, da hukuncin Inna. Surajo ya gyaɗa kai. Ya san akwatin. Shi da Sha'aibu suka taɓa ɗauko shi daga tasha, ranar da Malam ya saye shi, har yatsan Surajo ya fashe.

"Zo ka gani," ya ce.

Kariya uku ce jingine a bayan rumfa. Ta farko fara ce fes, tana ƙyalli, mara nauyi, da hannu ɗaya Sha'aibu ya ɗaga ta, kuma nan take zuciyarsa ta kwanta da ita. Surajo ya yi dariya har da dukan cinya.

"Na san ita za ka nufa. Wannan ta 'yan gayu ce, ta masu ɗora jakar matafiya su bi kwalta zuwa Kaduna. Kai da za ka gangara duwatsun Riruwai? Kafin ka wuce Falgore ta zama faranti."

Ta biyu baƙa ce, ta bututu, an yi mata fenti tana sheƙi. Surajo ya zaro sifana daga aljihun Sha'aibu, don ya san kullum akwai ɗaya a can, ya buga bututun. Ƙarar ta fito kwas, kamar an bugi gwangwanin madara.

"Ka ji? Ba komai a ciki. Ido ba ya zaɓen ƙarfe, ɗan Malam, kunne ke zaɓe. Fenti kuwa, ko gawayi ka shafa masa sai ya yi kyau. Duk ƙarfen da za ka ɗora wa kaya, ka buga shi tukuna. In ya amsa maka da nauyi ka ɗauka, in ya yi maka kwas ka bar wa mai shi. Sannan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin ƙafafun, nan ake ɓoye mugun aiki."

Ta uku ko kallo ba ta isa a yi mata ba. Duk tsatsa, gefe ɗaya a lanƙwashe, an ciro ta daga wata tsohuwar motar ma'aikatan daji. Amma da Surajo ya buga ta, sai ta yi wani gum mai zurfi da ya daɗe yana yawo a kunne. Ƙafa shida gare ta, kowace da faɗin tafin hannu inda za ta kama leɓen rufin mota. Su biyu suka ɗaga ta da ƙyar.

"Wannan," in ji Surajo, "ko saniya ka ɗora mata sai dai motar ta gaji. Ka ba ni kwana uku in miƙe gefen nan, in gyara ƙafafun su zauna daidai da rufinka."

Sha'aibu ya ji daɗi har ransa. Ya tsinci ƙusa a ƙasa, ya karce harafin shin a ƙusurwar baya ta dama, farkon sunansa, kusan abin da ya rage masa ke nan na rubutun allo. Surajo ya leƙa ya ce ashe dai dukan Malam bai tafi a banza ba. Da Sha'aibu ya sa hannu a aljihu, Surajo ya ɓata rai, ya riƙe masa hannun.

"Haba! Akwatin Malam ne zai hau, ni kuma in karɓi kuɗi? Kada ka sa in ji kunyar Inna. Wannan tawa gudunmawar ce."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Sha'aibu ya koma. Kariyar na kan benci, an mulke ta da baƙin fenti mai kauri, ko bushewa bai gama yi ba. Ƙafa shida, faɗi ɗaya, tsawo ɗaya. Ya nemi shin ɗinsa a ƙusurwa bai gani ba, ya ce a ransa fenti ya cinye. Amma da suka kama za su ɗora, sai ya ji kamar ta fi ranar Talata sauƙi a hannu. Ya dubi Surajo. Surajo yana can yana ba wani mai babur amsa, bakinsa bai tsaya ba tun da Sha'aibu ya iso: zafin rana, tsadar mai, rashin wuta.

Hannun Sha'aibu ya shiga aljihu, ya kama sifana. Ya ma zaro ta rabi.

To, a nan ne fa. Mutum ya ba ka abu kyauta, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ƙara maka da fenti, kuma wanda kuka sha nono ɗaya. Ga mutane zaune a benci suna kallo. Ka ɗauki sifana ka ƙwanƙwasa a gabansa, me ka ce masa ke nan? Ka ce masa ɓarawo. Gobe a ji a Badafi cewa ɗan Malam Lado ya binciki kyautar ɗan'uwansa kamar mai sayen akuya a kasuwa. Sha'aibu ya ji kunya ta rufe shi tun kafin ya aikata, ya mayar da sifanar, ya ma yi istigfari a kan zargin da ya ɗarsu masa. Surajo ya hau ya ɗaure notina da kansa, ya sauko yana goge hannu.

"Ka gaida Inna. Ka ce wa Husna ta sa ni a addu'a."

Asabar da sassafe aka ɗora akwatin. Mutum huɗu suka ɗaga, kowa ya wanke hannu tukuna, don Inna na tsaye. Aka lulluɓe shi da sabon tamfol, aka ɗaure da igiya ta ko'ina. Inna ta zauna a gaba da carbinta. A Kwanar Dangora ta sa aka tsaya don ta ajiye wa matar Surajo ƙullin daddawa, amma rumfar a rufe take, sai aka bar wa mai shayi saƙon.

Hanya ta yi kyau har Tudun Wada, ta yi kyau cikin dajin Falgore, inda birai suka zauna a gefen titi suna kallon su kamar masu karɓar haraji. Sha'aibu yana tuƙi a hankali, abin da bai saba ba, har motocin itace suna wuce shi. Lokaci-lokaci yakan miƙa hannu ta taga ya taɓa igiyar. Yana jin nauyin akwatin a sitiyari, yana kuma jin wani abu mai kama da alfahari. Yau dai ga Malam a motarsa.

Bayan Riruwai kwalta ta ƙare. Hanyar Rafin Ɗinya ta ratsa tsakanin tsofaffin ramukan kuza, ta hau tudu, sannan ta gangara kan duwatsu zuwa rafin da ƙauyen ya ci sunansa. Ba gada. An yi ruwa a kan tsauni da daddare, rafin ya kawo har gwiwa, ja wur, yana gudu. Sha'aibu ya ratsa shi ya fi sau ɗari. Ya sa babbar giya, ya ce bismillah, ya saki motar a hankali. Daga can tsallake yana hango Husna da matan makarantarta sun fito tarye.

Tayar gaba ta hau wani dutse, ta sauka. Motar ta karkata hagu, ta dawo dama, irin girgizar da take yi kullum. Sai ya ji ƙas a saman kansa. Ƙas kuma. Wani abu ya ja jiki a kan rufi da ƙara mai tsinka zuciya, inuwa ta wuce ta gefen tagar Inna, sannan ƙarfe ya daki dutse.

Akwatin ya faɗi da ƙusurwa. Murfin ya ɓalle. Ya mirgina sau ɗaya ya kifa cikin ruwa.

Sha'aibu bai san sanda ya fita ba. Ya faɗa rafin da takalmi da hula, yana cafkar takardu, suna kufce masa. Warƙoƙin suka bazu a kan ruwa kamar an watsa wa kaji tsaba, wasu suka maƙale a jikin duwatsu, wasu suka bi kwana suka tafi. Duk wadda ya kama sai ya ga baƙin tawada yana zuba a tafinsa, jan wasali yana bin yatsunsa. Husna ta shigo ruwan da hijabinta tana salati, matan suka biyo ta. Inna kuwa ba ta fito ba. Tana zaune a gaban mota, ta buɗe ƙofa, carbin ya tsaya a hannunta.

Sun fi sa'a guda suna tsinta. Aka shimfiɗa abin da aka samu a kan wani faffaɗan dutse, aka danne kowace da tsakuwa. Littattafan da ke da bango sun kumbura amma za su rayu. Alƙur'anin Malam ne ya tafi. Gafakar ta buɗe tun a faɗuwar farko. Abin da aka tsamo bai kai rabi ba, kuma a cikin rabin, mafi yawa sun zama shafi mai toka-toka, sai ka kanne ido ka hango inuwar layi.

Sha'aibu ya hau ya duba rufin. Ƙafa uku na gefen hagu sun tsinke daga gindi. Ya ciro guntun ɗaya ya juya shi. Bututu ne siriri, kaurinsa bai fi na gwangwani ba, waldar kuma ɗigo biyu ce kawai, aka cike sauran da ƙullun gyaran bodi, aka bi da fenti. Ya tsaya yana kallon abin, kansa ya ƙi ɗauka. Har a lokacin yana nema wa Surajo hanya. Wataƙila tsatsa ta ci ta ciki. Wataƙila shi ne bai ji ƙarar da kyau ba ranar Talata.

Ana haka wata farar mota ta masu haƙar ma'adinai ta gangaro daga tudun tsallake, ta tsaya don jif ta mutu a cikin ruwa ta tare mashigi. Direban ya fito, wani kakkauran mutum mai yawan magana, ya ce sunansa Mujitaba. Ya yi musu jaje, ya kawo sarƙa ya ja jif ɗin zuwa tsallake. Sannan ya karɓi guntun ƙarfen daga hannun Sha'aibu, ya ƙwanƙwasa da makulli, ya yi tsaki.

"Kai, maigida, wanda ya yi maka wannan bai ji tsoron Allah ba. Wannan ai ko katifa ba a ɗora mata. In kana son aiki, ka je Kwanar Dangora ka tambayi Surajo mai walda. Dubi tawa. Janareta biyu na hau da su tsauni jiya, ko motsi."

Sha'aibu ya ɗaga kai. A saman farar motar ga kariya mai ƙafa shida, duk tsatsa, an miƙe gefe ɗaya. Ƙafafunsa suka kai shi bayan motar ba da shawararsa ba. Ya taka taya ya leƙa ƙusurwar dama. Shin ɗinsa na nan, da ɗigonsa uku, karcen ƙusar ko dushewa bai yi ba.

"Yaushe ka same ta?" Muryarsa ta fito kamar ta wani.

"Laraba. Da ƙyar fa! Oga ya gani ya ce ita yake so. Mai waldan ya ɗan yi jim, ya ce an riga an kama. Oga ya ce motoci huɗu gare mu, duk nan za a riƙa kawo su gyara. Sai mai waldan ya yi dariya, ya ce to ba komai, mai ita ɗan gida ne, zai haɗa masa wata, ba zai duba ba. Wai dama tsofaffin takardu ne kawai zai ɗora." Mujitaba ya yi dariya shi ma, sannan idonsa ya sauka a kan dutsen da aka shanya warƙoƙi, da matan da ke tsugune, da guntun ƙarfen da ke hannunsa. Dariyar ta mutu. Ya ajiye ƙarfen a hankali a kan bonet, ya ce, "Innalillahi," ya shiga motarsa.

Ba zai duba ba. Wannan ce ta fi ci wa Sha'aibu rai, fiye da musanyar kanta. Da a ce Surajo ya ci amanarsa ne don ya raina wayonsa, da da sauƙi. A'a, ya san shi ne sarai. Ya san hannun zai shiga aljihu, ya san zai fito ba komai. Kunyar da Inna ta tarbiyyantar da su a kai su biyu, ita Surajo ya auna, ya ga za ta ɗauki nauyin, ya ɗora ƙaryarsa a kai. Ga kuma abin da ba ya iya faɗa wa kowa: ya ji sauƙin ƙarfen a hannunsa, ya kama sifana, ya sake ta. Aiki ɗaya tak Malam ya taɓa ba shi.

Da la'asar, a tsakar gidan Husna, ya faɗa wa Inna duk yadda aka yi. Bai rage komai ba, har da sifanar.

"Ka tabbata, Mai mota?"

"Na ga alamata da idona, Inna."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "A bayan nan na goya shi," ta ce. Can da aka jima ta ce, "Kada ka yi faɗa da shi a kasuwa. Sunan Malam za a kira."

Husna tana gefe tana jera warƙoƙin da suka bushe, tana gane kowace daga kalma ɗaya ko biyu da suka tsira, tana sa ta a muhallinta. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yaya, karatun bai tafi ba, yana kaina. Zan cike gurbin da hannuna, ko shekara nawa zai ɗauka." Ta ajiye wata warƙa a muhallinta. "Hannun Baba ne dai ba zan iya ba."

Ta miƙo masa wata warƙa guda. Ba ta cikin surori ba ce, ta ƙarshe ce, inda mai rubutu ke sa ranar da ya gama. Ruwa ya cinye saman, amma a ƙasa Malam ya ƙara layi biyu da ajami, kuma su sun tsira, sai ɗan jirwaye. Sha'aibu ya kai ta kusa da ido, ya haɗa baƙi da ƙyar kamar ɗan farin shiga. Allah Ka shirya mini 'ya'yana uku, Sha'aibu da Surajo da Husna.

"Ara mini ita," ya ce. "Zan dawo miki da ita."

Litinin da hantsi ya faka a bakin rumfar. Ragowar kariyar na bayan mota. Surajo yana tsugune yana walda a ƙarƙashin wata farar mota, irin ta ranar Asabar. Da ya hango jif, ya ga rufinta ba komai, sai ya miƙe a hankali. Ya yi ƙoƙarin fara'a.

"Ɗan Malam, har an dawo? Ya hanya? Ya kuka samu su Husna?"

Sha'aibu ya amsa gaisuwar duka, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Ya gaida mutanen da ke benci. Sannan ya ɗauko guntun ƙafar kariyar ya ɗora a kan teburin aiki, ya zaro sifana, ya buga. Kwas. Ya sake bugawa. Kwas. Masu zaman benci suka zubo musu ido.

"Kai ka koya mini," ya ce a hankali, yadda su biyu kaɗai za su ji. "Na makara ne kawai."

Surajo ya ce, "Wallahi na ɗauka za ta kai. Akwati ɗaya ne, na ce tafiya ɗaya ce, in ka dawo in sake maka wata mai kyau. Wallahi niyyata ke nan. Mutanen nan sun matsa mini, ka san yadda kasuwa take..."

"Akwatin da ya fasa maka yatsa."

Surajo ya dubi yatsan, kamar yau ya fara ganin tabon. "Ya faɗi ne?"

"A Rafin Ɗinya. A cikin ruwa."

"Alƙur'anin fa?"

Sha'aibu ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da warƙar, a naɗe cikin farin ƙyalle, ya buɗe ta a tafinsa. Ta yi kumburi, gefenta ya yi kalar ƙasa. Surajo ya matso. Shi ba ya haɗa baƙi da ƙyar, kallo ɗaya ya yi ya karanta, leɓɓansa na motsi, har ya zo kan sunansa. Fuskarsa ta saki gaba ɗaya. Ya miƙo hannu zai karɓa, sai ya ga hannun, baƙi ƙirin da mai da tsatsa, ya janye da sauri.

"Tsaya," ya ce. "Tsaya in wanke."

Ya ruga bayan rumfa inda buta take. Sha'aibu ya ji ƙarar ruwa, ya ji ana murza sabulu da gaggawa. Wato dokar Malam tana nan a jikinsa, bai manta ba. Bai taɓa mantawa ba, ko ranar Laraba. Sha'aibu ya naɗe warƙar cikin ƙyallenta, ya mayar aljihu. Ya sauke ragowar kariyar ya jingine ta a bayan rumfa, daidai inda mai tsatsar ta taɓa tsayawa. Ya yi wa mutanen benci sallama, ya shiga mota, ya tayar.

Sai da ya hau kwalta ya dubi madubi. Surajo yana tsaye a bakin titi, ya ɗaga hannuwansa biyu a gabansa, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannu, bakinsa na kiran wani abu da ƙugin manyan motoci ya hana a ji. Sha'aibu ya sa giya ta uku, ya juya kan motar zuwa hanyar Tudun Wada, don ya yi wa Husna alkawarin zai mayar mata da takardar.